Anti Amin ta Kamfanin Katifa

Ranar da na fara ganinta ina kan tsani, kaina a cikin ramin fanka. Ni sana'ata gyaran fanka da firji. An kira ni kamfanin katifa ne saboda fankar da ke zuƙe iskar ɗakin gwaje-gwajensu ta tsaya cak. Ina cikin kwance kusoshi wani wari ya doki hancina, irin na kifin da ya yini a rana. Na leƙo ƙasa na ce wa yarinyar da ke riƙe min tsani, "Malama, wa ya ɓoye kifi a ofis ɗin nan?"

Ta ɗago kai. Farar riga ce a jikinta har gwiwa, da tabarau na roba da ya kusa cinye mata fuska. Ta ce, "Ba kifi ba ne, amin ne."

Na ce, "Ai ban yi addu'ar ba tukuna."

Ko murmushi ba ta yi ba. Sai bayan mun yi aure ta gaya min duk wanda ya shiga ɗakin nan sai ya yi mata wannan barkwancin, kowa kuma gani yake shi ya fara ƙirƙiro shi.

Ita ce babba a gidansu. Babanta direban tanka ne, mamanta tana ɗinki a gida. Tun tana ƙarama ba a ajiye gwangwani a gabanta ta bar shi. Ta kwaɓa toka da ruwa, ta matsa lemon tsami, ta jiƙa jan fure ta zuba, ta zauna tana kallon launi yana juyawa. Ta taɓa huda wa mamanta sabon kwano da ruwan batirin mota, har yau in an taru a gidansu sai an tayar da zancen kwanon. Da ta shiga jami'a ta karanta ilimin haɗa sinadarai, burinta ta yi aiki a kamfanin magani. Ta nema ta nema ba ta samu ba, sai kamfanin katifa ya kira ta. Wata goggonta ta riƙe baki ta ce, "Duk karatun nan a katifa zai ƙare?" Ita kuwa ta ce, "Goggo, ke a kan me kike kwana?"

Da na fara kai ta gidanmu gaisuwa, daga wurin aiki muka biya. Inna, mahaifiyata, ta karɓe ta hannu bibbiyu. Amma tana fita Inna ta ja ni gefe ta ce, "Yarinyar tana da hankali. Sai dai ka gaya min gaskiya, kifi take sayarwa? Ba abin kunya ba ne, sana'a ce." Na yi rantsuwa har na gaji, Inna ba ta yarda ba. Sai da ita da kanta ta dawo ta zauna a gaban Inna ta yi mata bayanin aikin, ni ma a nan na fahimce shi.

Ta ce sosan katifa daga ruwa biyu ake yin sa. Ɗaya mai kauri ne kamar zuma, ɗayan tsararo ne mai mugun hali, ba a yarda ya taɓa fata ko a shaƙe shi. In suka haɗu sai su ƙulle su zama roba. Ana ɗan zuba musu ruwa irin na sha, shi kuma in ya gamu da mai mugun halin sai iska ta fito, ita ce ke kumbura abin ya tashi kamar ƙullin burodi. To amma in aka bar su su kaɗai nawa gare su, kafin su gama shawara komai ya lalace. Shi ya sa ake ɗiga musu amin. Wani sinadari ne, a hali ɗan uwan kanwa ne, ba ya ga maciji da tsami. Aikinsa zuga kawai. Ya kamo wannan, ya kamo wancan, ya haɗa su, ya zame ya tafi kamo wasu, shi ba ya ƙarewa. Yana da abokin aiki da ake yi da kuza, wanda ke sa robar ta yi ƙarfi. Amin yana hura iska, kuza yana gina bango. In amin ya yi gaba, soso ya tsage ko ya zube. In kuza ya yi gaba, soso ya toshe ya ƙanƙance. Aikinta shi ne ta sa su isa tare, ko ana zafi ko ana sanyi.

Inna ta ce, "To ashe dillali ne."

Ta ce, "Shi ne, Inna. Sai dai shi ba ya karɓar la'ada. In ya gama aiki sai ya bi zafin soso ya fita, shi ne warin da kika ji a jikina."

Daga ranar Inna ba ta ƙara kiran ta da wani suna ba sai 'yata.

A kamfani kuwa Anti Amin suke ce mata. Wanda ya laƙaba mata shi ne Dogo, mutumin da ke tsayawa a bakin injin zuba soso. Duk lokacin da za a fara aiki Dogo zai ɗaga murya ya ce, "A buɗe amin!" ma'aikata su amsa gaba ɗaya, "Amin!" Ita ce ke auna shi, ita ce ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye shi, don haka suna ya bi ta. Ni a gida Likitar Soso nake ce mata, ita kuma ta ce min Mai Fanka.

Muka yi shekaru a haka, Allah ya ba mu 'yan biyu, Inna ta dawo wurinmu da zama saboda ciwon gwiwa. Zama da matar nan sai wanda ya iya. Gishiri ma sai ta auna shi da cokali ta share bakinsa da wuƙa. Ba ta zama a kujerar kowa sai ta danna ta da babban yatsa ta ga yadda za ta dawo. Mun taɓa zuwa gaisuwar rashin lafiya, na waiga na ga hannunta a ƙarƙashin zanin gadon mara lafiyar tana latsa katifa.

Wata rana aka bugo mata waya cewa Dogo ya yi haɗari. An tashi daga aiki da magariba, ya hau babur ɗinsa, ya je ya daki bayan wata motar yashi da aka ajiye a gefen titi. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, fuska ta goge. Muka je asibiti muka same shi an naɗe shi, matarsa tana yi masa fifita.

Na ce, "Dogo, mota guda a gabanka ba ka gani ba?"

Ya ce, "Wallahi shuɗin ne ya yi yawa ranar. Kowace fitila ta yi zobe, titi duk ya zama hayaƙi. Kafin in gane mota ce har na shige ta."

Matata ta ce, "Wane shuɗi?"

Ya ce, "Shuɗin aiki mana, Anti. In aka zuba soso da yawa, da yamma sai ido ya yi hazo, komai ya koma shuɗi-shuɗi. Duk 'yan bakin inji sun san shi. Har tsokanar juna muke, mu ce wane yau ya sha shuɗi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki zo."

"Shi ne ba wanda ya taɓa gaya min?"

Dogo ya ce, "To ai da safe ya washe. Mun ɗauka gajiya ce. Me za mu ce?"

A hanyar gida na gane abin da ya sa ba ta taɓa sani ba. Ita tana ɗakinta na gwaje-gwaje, ƙofa a rufe, fanka tana aiki, ba ta fita filin inji sai don ta duba tashin soso ta koma. Su kuwa su Dogo a cikin tururin suke yini.

Washegari ta je ta tsaya a bakin inji, a daidai inda Dogo ke tsayawa, tun daga fara aiki har aka tashi. Ban sani ba sai da na je ɗaukar ta. Muna hawa titi ta damƙe min hannun riga ta ce, "Mai Fanka, fitilun motocin nan, kai ma da zobe kake ganin su?"

Na taka birki na gangara gefe. Na dube ta, idanun sun yi ja suna ruwa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke da kika san halin abin nan, shi ne za ki kai masa idonki? In kika makance wa zai riƙe mana yaran?"

Ta ce, "So nake in shiga ofishin Manaja in ce na gani, ba an ce min ba."

Da safe ido ya washe kamar yadda Dogo ya faɗa, amma sai da na tasa ta gaba zuwa wurin likitan ido. Likita ya ce tururin amin ne yake kumbura fatar nan mai haske ta gaban ido, shi ke sa hazo da zobe. Ya ce yana sacewa da kansa, amma ba abin da za a yi ta yi wa ido kullum ba ne, kuma duk wanda ke cikin wannan hali bai kamata ya taɓa tuƙi ba.

Manaja mutum ne mai sauraro, sai dai kamfani ba nasa ba ne, shi ma yana da na sama da shi. Ya ji bayaninta, a take ya sa aka sayo tabarau masu rufe ido ruf, ya kuma amince a ƙara manyan fankoki a saman inji da ɗakin da ake jera soso ya huce. Ni na kafa su, kuma ba yabon kai ba, fankoki ne na gani na faɗa. Shuɗi ya ragu sosai. Amma bai tafi ba. In zafi ya yi zafi tabarau sai ya yi gumi, mutum ba ya ganin gabansa, sai ka ga kowa ya ture nasa goshi. Ranar da aiki ya yi yawa kuma fanka ba ta iya kwashe komai.

Na ce mata, "Ai an yi ƙoƙari. In ƙara fanka ake so a ƙara."

Ta ce, "Fankarka korar abin take yi bayan ya fito. Ni so nake kada ya fito."

Na ɗan ji haushi a madadin fankokina.

Ta shiga bincike, ta yi ta waya da masu sayar musu da sinadarai. Ashe akwai wani irin amin mai ƙarin hannu. Yana zuga kamar na da, amma a cikin aikin sai hannun nan ya kama jikin robar, ya zama shi ma soso ne, ba ya samun damar tashi. Sai dai ya fi tsada, ya fi sanyin jiki, kuma ba a zuba shi kawai a madadin tsohon, dole a sake lissafin komai daga farko. Manaja ya ce mata, "Ki gwada a ɗakinki. In kin fitar da sosan da ba zai sa a dawo mana da katifa ba, ni zan kai wa mai kamfani maganar da bakina. In ba haka ba kada ki ƙara tayar min da ita."

Aka kawo mata shi a 'yar jarka. Ta fara gwaji a kofunan takarda. Ta auna, ta ɗiga da sirinji, ta juya, ta zuba ido. Wani ya tashi ya zube. Wani ya tsage a ka. Wani ya yi danƙo kamar cingam. Wanda ya ɗan yi kyau sai ta sako shi a jaka ta zo da shi gida don ta ga yadda zai kwana. Ba a jima ba falonmu ya cika da curin soso masu siffar kofi. 'Yan biyu suka mai da su ƙwallo. Inna ta zaɓi wani mai laushi tana tokare gwiwa da shi, ta ce duk wanda ya taɓa mata shi za su ɓata. Watanni aka kwashe a haka, har ranar da ta shigo tana dariya tun daga ƙofa, ta cusa min wani a hanci ta ce, "Shinshina." Na shinshina, na sake shinshinawa. Babu kifi.

Aka sa ranar gwada shi a babban inji. Ga wanda bai taɓa gani ba, injin doguwar hanya ce mai tafiya, an shimfiɗa mata takarda ƙasa da gefe. A farkonta akwai baki mai zubo ruwan haɗin. Yana zuba yana tafiya, sai ya yi fari kamar madara, ya fara hawa, kafin ya yi nisa ya kai ƙirjin mutum. Ba a tsayar da shi a tsakiya a ce a gyara. In an buɗe an buɗe ke nan.

Ban je ba ranar, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce soso ya tashi gwanin sha'awa, har ma'aikata sun fara tafi. Can sai tsakiyarsa ta fara lotsawa a hankali, kamar an zare masa rai, sai ya tsage daga sama har ƙasa. Tsawon injin nan gaba ɗaya ya lalace. Aka kashe inji. Manaja ya dubi abin, ya dube ta, ya juya ya koma ofis. Wani daga baya ya ce ƙasa-ƙasa, "Yau dai amin ɗin ba ta kama ba." Ba wanda ya yi dariya, amma ta ji.

Da na dawo gida na same ta zaune a ƙasan kicin, ko takalmi ba ta cire ba. Na tsuguna na ce, "Ki haƙura haka nan. Kin yi iyakar yinki, ga fankoki, ga tabarau."

Ta ce, "Don Allah kada ka ƙara ce min fanka yau."

Inna ce ta dogaro sandarta ta shigo, ta ce min, "Kai tashi ka ba mu wuri." Ta haɗa mata shayi, ta zauna a kan kujerar tsuguno duk da gwiwar, ta ce, "'Yata, an kore ki?"

"A'a, Inna."

"Wani ya ji ciwo?"

"A'a."

"To sha shayinki. Gobe ki je ki tambayi sosan me ya same shi, tunda ke kike jin yarensa."

Haka kuwa ta yi. Kafin a kwashe lalataccen sosan a kai wa masu niƙa shi, ta sa aka yanka mata shi gunduwa-gunduwa. Ta bi shi da hannu daga ƙasa zuwa sama, tana latsawa, tana yagewa, tana duba ƙananan ramukan da gilashin ƙara girma. A nan ta gane. Sabon amin ɗin hannunsa yana kama roba tun da wuri, sai ya ɗaure kansa. Daga farko yana zuga lafiya, amma a ƙarshe, lokacin da bango ke bukatar ya ƙarasa yin ƙarfi, duk an kama su, babu mai zagayawa. A kofi abin bai nuna ba, don ɗan curi ba shi da nauyin da zai danne kansa. A babban inji kuwa nauyin sama ne ya murƙushe na ƙasa tun bai ƙosa ba.

Ta sa kafinta ya yi mata babban akwatin katako mai kai wa ƙugu, ta daina yarda da kofi. Ta ɗan ƙara kuza. Ta nemo wani amin ɗin na biyu, shi ma mai hannu, amma mai jinkirin kamawa, ta haɗa su, ɗaya ya ja farkon aiki ɗaya ya ja ƙarshe. Akwati bayan akwati, har ta samu wanda ya tsaya da ƙafarsa. Ta maimaita shi da sanyin safiya, ta maimaita da tsakar rana, bai canza hali ba.

Sai dai da ta koma wa Manaja ya ce a'a. Ya ce asarar farko ma da ƙyar ya kare ta a gaban mai kamfani. A lokacin Dogo ya dawo aiki, hannu a rataye a wuya, an ba shi zaman gadin ɗakin kaya kafin ya warke. Da ya ji abin da ya faru ya ce, "Anti, mu koma tare."

Suka shiga. Dogo ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce an yi asarar gangunan sinadari. Gaskiya ne, ba daɗi. Amma ku ganga kuka bayar, ni kafaɗa na bayar. Kuma akwai yara a bakin injin nan da ke ɗaukar 'ya'yansu daga makaranta a kan babur."

Manaja ya daɗe yana juya biro a hannu. Ya ce, "Rabin tsawon inji. Ranar da ba aiki da yawa. In ya sake zubewa ni da ke duka za mu nemi wani aikin."

Wannan karon na je. Na ɗauki jakar kayan aikina na ce fankoki na zo dubawa, na hau tsani na zauna a inda nake hango komai. Matata tana tsaye a gefen inji da farar rigarta. Wanda ya riƙe wa Dogo aiki ya dube shi, Dogo ya matso da hannunsa a rataye ya ɗaga murya, "A buɗe amin!" Amsar da aka ba shi ranar har kwanon rufi sai da ya amsa.

Ruwa ya zubo, ya yi fari, ya fara hawa. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya kai ƙirji. Ba wanda ya yi tafi, kowa ya tuna wancan karon. Ita tana bin sa a ƙafa, ido a kan samansa. Akwai abin da take jira. Lafiyayyen soso in ya gama tashi sai ƙananan ƙwayoyin iska su fashe a samansa, ya saki numfashi, ya ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Daga kan tsani na ga saman yana ƙyalƙyal, na ga ya yi ajiyar zuciyar nan, ya sauka kamar faɗin yatsa. Muka jira ya ci gaba da sauka. Bai ci gaba ba. Ya tafi a tsaye, santal, har wurin wuƙar da ke yanka shi.

Ta juyo tana neman inda nake. Da muka haɗa ido sai ta ɗaga min gira kawai. Ni kuwa saura kaɗan in faɗo daga tsani.

Ba ta yarda an yi murna ba sai washegari, bayan soso ya huce an yanka cikinsa. Ciki fari tas, ba ƙuna, ba rami. Dogo ya yanki ɗan guntu ya kafa a baki ya hura, yadda suke gwada ko soso yana numfashi, iska ta fita ta ɗaya gefen. Ya danna shi a tafin hannu ya sake, ya dawo. Ya shinshina ya ce, "Anti, kin kashe mana kasuwar kifi." Manaja ya ɗauki gunduwa guda ya sa a mota ya tafi wurin mai kamfani.

Ranar da aka fara yini guda ana aiki da sabon haɗin, na je ɗaukar ta da magariba na tarar da 'yan bakin inji a tsaye a ƙofar kamfani, manyan mutane masu iyali, sun ɗaga kai suna kallon fitilun titi kamar yau aka kafa su. Wani yana cewa, "Kai, ashe fitilar nan ɗaya ce." Ta wuce su ta shiga mota ta rufe ƙofa, sannan ta sa gefen mayafi ta goge ido. Na ce, "Shuɗin ne?" Ta ce, "Ja mota, Mai Fanka."

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Da damina ta zo sabon sosan ya riƙa yin laushi fiye da kima, aka dawo da wasu katifu, ta sake komawa kan akwatinta. Sai da shekara ta zagayo kafin haɗin ya zauna daram. Har yanzu kuma tana faɗa da ma'aikata a kan takunkumi da safar hannu, tana ce musu amin ne kawai aka ɗaure, mai mugun halin nan yana nan yadda yake. Yanzu ita ce shugabar sashen, da masu digiri a ƙarƙashinta, kuma duk sabon da aka ɗauka sai ya yi mako a bakin inji kafin ta ba shi kujera. Wasu kamfanonin sun aiko a koya musu, mai kamfani ya yi ta jan ƙafa, ita ta ce masa ido ba shi da kamfani. A ƙarshe ya bar ta ta je.

Kwanakin baya muka shiga wani shago neman katifa, 'yan biyu sun yi tsawo ƙafafunsu suna leƙowa daga tsohuwar. Mai shagon bai san mu ba. Ya janyo wata daga cikin na kamfaninsu ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Hajiya, wannan ita ce ta gaske. Shinshina ki ji, ko yau aka yage ledarta jariri zai kwana a kai. Wani ƙwararre suka ɗauko daga ƙasar waje, shi ya haɗa musu sirrin."

Ta danna katifar da babban yatsa ta ce, "Allah? Lallai ya iya aiki."

Ni kuwa na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, ka ga ƙwararren nan da kake faɗa? Ga shi a gabanka. Matata ce. Ita ta haɗa shi da hannunta, ina kan tsani ina kallo."

Mai shago ya dube ta, da jakar cefane a hannu da silifas, ya dube ni, ya yi dariya ya ce, "Alhaji ke nan. In ragi kake so ka faɗa kawai, za a duba maka."

Ta mintsine ni a hannu ta ce, "Rabu da shi, Malam, haka yake. Ɗaure mana guda biyu, masu taurin."

Muka ɗora su a saman mota. Duk hanya ina mita, ita tana dariya tana riƙe da igiya ta taga don kada iska ta ɗauke su.